Jar Akuyar Goggo Mai Ƙuli

Mahaifina Bagobiri ne na gidi, irin wanda in ka ba shi goro sai ya kwana yana tunanin da me zai rama. Gero da dawa yake nomawa a Tozai, kuma duk talaucinmu ban taɓa ganin ya miƙa wa wani hannu ba. Shekarar da zan shiga aji huɗu na firamare damina ta yi mana rowa, rigar makarantata ta yage har faci ya rasa wurin zama. Baba ya ce in zauna gida in taya Inna daka. Na yi kuka kamar raina zai fita, don ina son makarantar nan. Malaminmu ya zo har zaure ya ce akwai masu niyyar taimakawa. Baba ya yi masa godiya, ya raka shi, ya ce, "Ɗiyata ba ta cin sadaka."

Ana haka sai ga Goggo mai ƙuli, wata tsohuwa maƙwabciyarmu da bakinta ya fi yajin ƙulinta zafi. Ta shigo tana jan wata jar akuya, tana zaginta tun daga ƙofa.

"Malam, ka rufa mini asiri," in ji ta. "Wagga akuya ta ishe ni, kullum bakinta cikin tunkuzata, ga gwiwa ta hana ni yankan haki. Kiwo ni kawo. Amma ɗiyar ga nika ba, ba kai ba. Kuma sai in tana zuwa boko, don hanyar makaranta ad da haki mai kyau."

A wajenmu kiwo ba sadaka ba ne. Uwar ta mai ita ce, abin da ta haifa a raba, hasali ma kai mai kiwon kai ne ka yi alfarma. Baba ya gyara hula ya ce ai maƙwabci ba ya ƙin maƙwabci. Washegari na koma aji da yagaggiyar rigata, ina taƙama sai ka ce 'yar hakimi.

Akuyar nan kuwa ba ta da mutunci ko kaɗan. Ta ci waken mutane, ta ci gefen mayafin Inna, ranar wata Juma'a ta tauna igiyarta ta bi ni har cikin aji, yara suka yi ta ce mini mai ƙanwa. Sai dai akwai ta da haihuwa, tagwaye take zubowa. Da rabonmu aka ɗinka mini riga, aka sayi takalmi da littattafai. Ni kuma kullum in na taso sai in tsaya yankan ciyawa, wadda ban ga abin da ta fi ta bayan gidanmu da shi ba.

Da na ci jarrabawar shiga sakandare a Isa, sai aka sake yin wata muguwar shekara. Rabonmu duk ya tafi a cikin tukunya. Abin da ya rage a turke uwar ce da wani ƙaton bunsuru, kuma duka na Goggo ne. Inna ta lallaɓa Baba ya roƙi Goggo aron bunsurun. Ya ce amana ce, ya kwance bunsurun ya ja shi zuwa gidanta don kada ma zuciya ta raya masa wani abu. Na bi shi a baya, na riga na cire rai da Isa.

Goggo na ganinmu ta toshe hanci.

"Hitar mini da wanga mai wari! Mi za ni yi da shi? Wa yay yi mai haki, ni ko ɗiyar ga? Guminta na. So kake in ci gumin yarinya, gobe kiyama a tsai da ni? In kai kana iya ɗaukar alhakin, ni ban iyawa."

Baba ya jawo bunsurun muka dawo gida. Ranar kasuwar Sabon Birni aka sayar da bunsurun, aka saya mini akwatin ƙarfe, katifa da kayan makaranta. Da na je sallama na fara yi mata godiya, ta ce in rufe mata baki, ta cusa mini ƙuli a leda.

Yau ni ce ke koyarwa a aji huɗun nan. Goggo ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, kuma na sha tambayar kaina ko Baba ya taɓa gane wayon da ta yi masa.

Bara wani maƙwabcinmu ya cire ɗansa daga makaranta, shi ma mutum ne mai zuciya. Wata safiya ina shara sai na ga Baba ya kwance wata jar akuya, jikar waccan marar mutuncin, ya fita da ita ya nufi zauren maƙwabcin. Baban da har yanzu yake taka keke zuwa Turba ya dawo, sai ga shi yana ɗingishi. Na matsa jikin danga na kasa kunne.

"Ka rufa mini asiri," na ji yana cewa. "Gwiwa ta hana ni yankan haki. Amma yaron ga nika ba, kuma sai in shina zuwa boko. Hanyar makaranta ad da haki mai kyau."

Na tsaya da tsintsiya a hannu, ina dariya, hawaye na zuba.