Golar da Ta Taso a Layin Kankana

Duk wanda ya ga Virtue Hosea a talabijin, tsaye a bakin raga da riga mai lamba ɗaya, sai ya ɗauka wata makarantar ƙwallo ce ta gyara mata hannu. Ba haka ba ne. Kankana ce ta gyara shi, a bayan babbar kasuwar Jimeta, inda motoci ke sauke kayan gwari. Kuma kankanar ce ta kusa raba ta da rigar.

A ƙarshen shekarar 2014, da 'yan Boko Haram suka shiga Mubi, jama'a suka kwararo Yola da ƙunshin kaya a ka. Mahaifin Virtue, Hosea, mutumin Demsa ne, masinja a sakatariyar jiha, yana haya a Ajiya, ɗaki biyu da falo. Coci ta ce kowa ya sauke wanda zai iya. Hosea ya kwaso mutum goma sha bakwai bai shawarci matarsa ba. Matar, Keturah, sai ta sauya tukunya zuwa babba, ta kuma fara tafiya da Virtue kasuwa da sassafe kafin makaranta, don can take sarin kankana ta yanka ta sayar.

Yarinyar tana da shekara goma sha uku lokacin, doguwa kamar karan dawa, tafin hannunta kamar faifai.

Sauke kankana aikin layi ne. Mutum ɗaya yana kan mota yana jefowa, ɗaya a ƙasa yana cafewa yana miƙa wa na bayansa, har ta isa tsibi. Mai kula da layin wani dattijo ne na cikin garin Yola, Bappayo. Wata safiya mai cafewar bai zo ba, ya tafi neman danginsa wajen Hong. Mota na tsaye, direba na zage-zage. Virtue ta ajiye tire ta tsaya a gurbinsa.

"Ke, ɓingel, 'yar yarinya, matsa," in ji Bappayo. "Wannan ba tallan gyaɗa ba ne."

"Bappa, a jefo guda ɗaya mana."

Aka jefo. Ta cafe. Aka sake, ta sake. Bappayo ya gyara hula, ya matso.

"To, saurara. Kankana ba a tare ta. Tarbar ta ake yi kamar baƙuwa. Ki miƙa hannu, ki janye, ki kawo ta ƙirji. Wadda ta fashe, asarar kowa ce."

Wannan magana ta shiga kanta ta zauna. A gidan da mutum ashirin da wani abu ke cin tuwo daga tukunya ɗaya, ba sai an yi wa yaro wa'azi a kan asara ba. Wata huɗu ta yi a layin, ba a taɓa jin ta fasa ko ɗaya ba.

A nan Malama Munirat ta gan ta. Ita malamar wasanni ce daga Mubi, ta iso Jimeta da ƙafa da mota da ƙafa, tana zaune wurin 'yar'uwarta a Alkalawa. Ta tara 'yan matan da suka gudo tana sa su buga ƙwallo a filin wata firamare, don ta ce yarinyar da ta gaji da gudu ba ta da ƙarfin kuka. Masu bugu tana da su. Mai tsaron raga ce babu. Ta zo sayen kankana, ta tsaya kallo har ta manta abin da ya kawo ta.

"Maman Virtue, ki ba ni aron 'yar nan."

"Aro? Ta yi me?"

"Gola."

Keturah ta ci gaba da yanka. "Malama, abeg. Gola ana ci da miya ne?"

"Wata rana za a ci."

"To, bayan ta gama layi, bayan ta dawo makaranta. In ta karye, ke za ki yi jinya."

Daga nan abin ya tafi da sauri. Tana shekara goma sha shida ƙungiyar mata ta jiha ta ɗauke ta. Bayan shekara biyu wata babbar ƙungiya a Kudu ta kira ta, ta yi kaka uku a can, suka ɗauki kofi sau ɗaya. Aka kira ta ƙungiyar ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara ashirin, daga nan ta manya. Sai wata ƙungiya a Sweden ta saye ta. Ko'ina ta je, abin da ake faɗa ɗaya ne: yarinyar nan ba ta amai. Sauran gololi in ƙwallo ta zo da zafi sai su naushe ta ta tafi gefe. Virtue kuwa sai ta rungume, ko ta sama ta zo ko ta ƙasa. 'Yan kallo na son haka, ita ma tana so. A zuciyarta, golar da ke naushin ƙwallo raguwa ce mai zubar da kaya.

Kocin gololi a Sweden ya gaya mata gaskiya tun makon farko. Ya ce a ƙasarsu ruwa ba ya ɗaukewa, ƙwallo na santsi, kuma in aka bugo kwana mutum takwas ne ke tsalle a kanta. Wata ƙwallon dole a naushe ta. Virtue ta ce to. A fili kuma ta ci gaba da abin da ta saba. Taurin kai ne, ba wani suna da za a ba shi.

Ranar biyan kuɗin taurin kan ta zo a wasan share fage na ƙungiyar ƙasa, a waje, ana sheƙa ruwa. Saura minti shida, babu ci. Aka bugo kwana. Virtue ta tashi cikin cunkoso da hannu biyu a buɗe, za ta tarbi baƙuwa. Wata ta buge mata gwiwar hannu, ƙwallo ta sulale ta faɗa raga. Aka tashi ɗaya da nema.

Wasa na gaba wata ce ta sa rigar. Virtue ta koma benci, ta shafe wata goma sha huɗu a kai. A Sweden ma suka fara gwada wata. Gola ba kamar sauran 'yan wasa ba ce, gurbi ɗaya ne tak, in aka zauna miki a kai shi ke nan. Tana shekara ashirin da uku aka fara maganarta kamar wadda ta riga ta wuce.

Da hutu ta dawo Jimeta. Ba ta son zaman gida, don kowa ya shigo sai ya yi mata jaje kamar an yi rasuwa. Sai ta bi uwarta kasuwa. Bappayo na nan, gemu ya yi fari fat, yana zaune a kan benci yana ba da umarni da sanda. Wata mota ta iso daga wajen Girei. Virtue ta cire agogo ta shiga layi.

Mai jefowar baƙo ne, bai san ta ba, jifa yake kamar mai jin haushin kayan. Ta cafe biyar. Ta shida ta zo a karkace, ƙatuwa, tana juyawa, ta nufi gefen fuskarta. Virtue ta miƙe za ta rungume. Sai sandar Bappayo ta sauka a kafaɗarta, ta kauce, kankanar ta fashe a ƙasa.

"Mahaukaciya! Yatsu nawa gare ki?"

"Bappa, ai kai ka ce ba a fasawa."

"Na ce wa 'yar shekara goma sha uku!" Ya ɗaga hannun hagunsa, ya nuna mata yatsu biyu da suka lanƙwashe. "Kin ga wannan? Ranar da na yi wa kankana kara ne. Wadda ta zo a karkace ture ta ake yi gefe. A yi asarar ɗaya, a ceci hannu, a ceci mota guda."

"To ni me ya sa ban taɓa ganin ta karkace ba?"

Keturah ce ta amsa daga bayan tirenta, ba ta ko ɗago ba. "Don an hana ta zo miki. Bappa ya ce wa na kan mota, in yarinyar ce a ƙasa, ƙanana za a zaɓa, a lallaɓo. Kowa ya sani sai ke."

'Yan layi suka fashe da dariya. Virtue ba ta yi ba. Shekara goma tana alfahari da cewa ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba, ashe rabin darasi aka ba ta, sauran rabin an ɓoye mata saboda tausayi.

Da wata ce ta ji haka, da sai ta yi fushi. Ita washegari ta nemi Malama Munirat, wadda ba ta koma Mubi ba, tana koyarwa a Jimeta. Suka koma filin firamaren nan. Malama ta jiƙa ƙwallo a bokitin ruwa da sabulu, ta tara manyan 'yan matanta shida su riƙa tsalle suna bangazar ta. Sati biyar, kullum da safe kafin rana ta yi zafi. Ranar farko naushinta abin dariya ne, kamar mai korar ƙuda.

"Daka za ki yi, ba shafa ba!" in ji Malama. "Ba ki taɓa riƙe taɓarya ba?"

Ta koma Sweden ta ƙwato gurbinta cikin wata uku. Ƙungiyar ƙasa ta fi wuya. Sai da wadda ta gaje ta ta samu jan kati, sannan aka miƙa mata rigar na wasa ɗaya, a gani.

Da la'asar aka buga. A kasuwar Jimeta aka taru gaban talabijin a shagon mai cajin waya, Keturah a gaba da wuƙarta a hannu, Bappayo a kan bencinsa, Malama Munirat a tsaye. Namu na gaba da ci ɗaya. Virtue ta cafe duk wadda ta zo mata da ladabi. A minti na tamanin da tara aka bugo kwana, ƙwallo ta taho tana juyawa cikin kawuna. Ta tashi, ta dunƙule hannu biyu, ta daka mata naushi har kusa da tsakiyar fili.

Shago ya kaure da ihu. Bappayo bai motsa ba.

"Ta fasa," ya ce. "Yanzu ta zama 'yar layi."

Keturah ta koma kan tirenta, don akwai masu jira.

Rigar tana jikin Virtue har yau. In ta zo hutu takan tsaya a filin firamaren tana koya wa ƙananan gololin Malama Munirat, kuma tun ranar farko take jefa musu ta karkace.