Kwamfutar da Aka Kulle da Kayan Gado

Ɗiyata ta fari, wadda ba na kama sunanta, ta zo Sabon Birni jinyar mahaifinta da kwamfutarta cikin jaka. A turakarsa take aiki, don can batirin sola yake.

Na taɓa tambayarta abin da take ta dannawa. Ta ce a ƙarƙashin duk abin da kwamfuta ke yi akwai wani babban tsari mai raba aiki. Shi ke buɗe tagar da ake rubuta wa na'ura umarni. In wani aiki ya nemi buɗe tagar daidai lokacin da wani ke rufe ta, sai na'urar ta sandare. Wata huɗu tana gyaran wurin nan. Sau biyu masu duba aikin na mayar mata da shi. Sun ba ta zuwa Juma'a. In ta wuce, wani za a ba, gurbin da take nema wurinsu kuma ya tafi.

Mahaifin nata, Malam, ya rasu ran Talata da hantsi. Da anka dawo daga maƙabarta, yayansa ya rufe turakar. Haka muke yi, ba a fidda ko allura sai magada sun taru. Ni na miƙa mishi kwaɗon da hannuna. Ban tuna kwamfutar na bisa tabarma ba.

Kwana biyu yarinyar na karɓar gaisuwa, ba ta tada maganar kwamfutar ba. Ran Alhamis na ga idonta na komawa ga ƙofar, sai na tuna.

Ina cikin takaba, don haka daga bayan labule na yi magana da yayan Malam.

"Yaya, na'urar yarinyar ga tana ciki. Ba ta marigayi ba ce."

"Na sani," in ji shi. "Amma in na fidda abu guda yau, gobe danginmu na garin Isa su ce goma anka fidda. Ina za ni da bakinsu?"

"To kar a fidda. A bar ta ta shiga."

Yarinyar na zaune gefe. Ya juya gare ta. "Ke kuma, bakinki ciwo yake? Sai uwarki ta yi miki roƙo?"

"Kunya na ji, Baba."

Da safiyar Juma'a ya buɗe, liman da maƙwabcinmu na zaune bakin ƙofa a matsayin shaidu. Ta zauna kusa da gadon da ba kowa bisansa. Ta sa na'urar ta yi ta buɗe tagar tana rufewa, ba ta sandare ba. Kafin kiran sallah ta tura aikin, ta fito hannu wofi, anka maida kwaɗo.

Bayan kwana tara ina tankaɗe, ta duba wayarta, ta durƙusa gabana.

"Inna, sun karɓa."

Na ce Alhamdulillahi. Ta kifa kai a cinyata ta yi ta kuka, tana kiran babanta. Na ajiye rariya, na bar ta ta yi.