Baba a Saman Bene

Ko zan manta komai na zamana a London, ban da ranar da waya ta yanke tsakanina da Baba.

A lokacin ina aiki a wani shagon gyaran waya a Woolwich. Can na koyi yadda samarin garin ke faɗa in intanet ta katse musu ba zato: ya yi drop, ya yi die, an yi kicking ɗina. Ni kuwa sai na mayar da kalmomin makami. Baba mutum ne mai dogon zance, ni kuma ba ni da haƙuri. Da ya kira daga Kano ya fara lissafo gaisuwar dangi, sai in kashe data, in tura masa saƙo: "Baba, ya yi drop."

Bai taɓa zargina ba. Har kalmar ya ɗauka, yana cewa, "Uwata, dirof ɗin nan zai raba mu." Ya canza layi sau biyu. Daga baya na ji wai saman benen maƙwabcinmu yake hawa, da ciwon gwiwarsa, don ya sami sabis. Na ce zan faɗa masa gaskiya in nemi yafiya. Kullum sai in ce gobe.

Wata Talata da rana ina cikin jirgin ƙasa, yayana ya kira daga asibitin da aka kwantar da Baba.

"Ke, ga Baba, yana son magana da ke. Don Allah yau kar ki yi halin naki."

Ashe Yaya ya daɗe da ganewa.

Muryar Baba ta fito a shaƙe. "Uwata, kina jina?"

"Baba, akwai abin da zan..."

Jirgi ya shige rami. Waya ta ɗauke ɗif. Na yi ta danna waya ina zagi, mutane na kallona. Wannan karon da gaske ne, amma wa zai yarda? Da na fito tasha na kira ya fi sau goma. Sai bayan la'asar Yaya ya ɗauka, kukan da na jiyo a bayansa ya ishe ni amsa.

Na ce, "Ya ce wani abu?"

"Cewa ya yi a gungura shi bakin taga, wai ƙila matsalar daga wajenmu ne."

Har yau in waya ta yanke sai in yi maza in sake kira. Na gane yafiyar iyaye ba a ajiye ta sai gobe. Mai yi mini uzurin ya tafi, bai ma san akwai abin da zai yafe ba.