Hannuwana a Cikin Hijabi

Kowa a unguwarmu ya ɗauka ranar da aka kunna wa ƙanwata na'urar ji, ranar ta fara ji. Ba haka ba ne. Ƙara ta fara ji, ba magana ba. Sanƙarau ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama, sai bara aka yi mata aiki aka dasa na'urar a cikin kunne, da wani ɗan abu mai maganaɗisu da ke mannewa a gefen kai.

Mata suka yi ta zuwa gidanmu a Tirwun yin barka. Kowacce sai ta lallaɓa ta bayanta ta ƙwala mata kira, ta ga ko za ta waiwayo. Gwaggonmu har faranti ta buga da cokali.

"To ina jin da aka ce an saka? Ko batir ne ya mutu?"

"Gwaggo, ba rediyo ba ce," na ce.

A gidan ni kaɗai na iya maganar hannun da muka ƙirƙira ni da ita. Da hannu take kawo min ƙara, da hannu take kwaikwayon tafiyar Baba. A asibiti aka ce a rage, don ta dage da saurare. Ni kuwa ban iya ragewa ba, na daina gaba ɗaya. In ta zo tana yi min alama, sai in cusa hannuwana cikin hijabi in ce, "Buɗe baki ki faɗa."

Ran nan muka shiga Kasuwar Muda Lawal sayen gero. Injin niƙa na ruri, masu baro na ihun a ba su hanya. Ta ja min hijabi ta yi alama. Na gane sarai: kaina na ciwo, mu tafi.

Na ce, "Faɗa."

Ta gwada. Abin da ya fito bai zama kalma ba, mai geron ya sunkuyar da kai. Ta cire abin da ke manne a gefen kanta ta jefa cikin ledar geron.

Tana sawa har yanzu, saboda Mama. Amma ni ba ta ƙara yi min alama ba, bakin ma ba ta buɗe min. Mama ta ce yarinya ta yi hankali. Ni na san shiru ta yi.

Gobe wajen wanke-wanke zan yi mata magana da baki da hannu tare, ko ta kula ni ko kada ta kula. In mun koma asibiti, ni da kaina zan gaya musu na koma yi mata maganar hannu.