Shaddata da Ruwan Buruksel

Gaya zuwa Yamai

Ana kiran assalatu na fita gida, na shiga kar ɗin Yamai, babbar motar fasinja. Ƙaramin ɗana Hamidu, da ke zaune a Buruksel, an yi masa 'ya, ni zan tsaya wajen suna. Tun a waya na tambaye shi wane lokaci ake ciki can, ya ce kaka. Hankalina ya kwanta. Kaka ai na santa: ruwa ya ɗauke, gero ya nuna, rana na cizo. Saboda haka shadda ɗaya na ɗauko, fara, wadda aka ɗinka don sunan, da ƙullin yajin jego da uwarsa ta daka.

A Dosso jandarma ya karɓi paspo ya duba ya miƙo mini. Har muka isa Yamai ina laluba aljihu, don ban yarda da kaina ba.

Cikin jirgi

Dare muka tashi, muka sauya jirgi a hanya. Naman da aka kawo ban ci ba, don ban san wanda ya yanka ba. Burodi da shayi suka kai ni.

Buruksel

Mun sauka da hantsi, in ji agogo, amma sama kamar magariba. Wani yayyafi ake yi, siriri, marar tsawa, marar ƙarewa. Itatuwa duk sun yi ja da rawaya, ganye na zuba a titi. Na ce wa Hamidu fari ya kashe musu itace. Ya ce a'a, ita ce kakar tasu.

A gida na buɗe jaka, atishawa ta kama ni. Ƙullin yaji ya fashe a kan shadda. Saura kwana uku suna.

Hadiza, surukata, ta ce a jefa ta cikin inji ya wanke ya busar. Na ƙi. Wa ke ba inji shadda? Na wanke da hannuna, na shanya a barandar bene.

Washegari rana ta leƙo, na yi hamdala. Na miƙa hannu, babu zafi ko kaɗan, kamar hotonta aka rataya. Kafin in gama alwala ta gudu, yayyafi ya dawo. Na kwaso riga, rana ta fito. Na mayar, ta ɓuya. Wata tsohuwa a benen da ke fuskantarmu har ta jawo kujera tana kallo.

Na tambayi Hamidu ko ya halatta mu haɗa magariba da lisha saboda ruwa.

"Baba," ya ce, "in ruwa za ka bi a nan, sai ka haɗa sallar wata uku."

Ranar suna

Da asuba na taɓa riga, sanyi ƙalau kamar kifin da aka ciro daga kogi. Hamidu ya kawo mini manto ɗinsa, doguwar rigar sanyi. Na ce jikata ba za ta ga mijinta cikin rigar aro ba. Na saka shaddata a jiƙe, haƙorana na kaɗawa.

Hadiza ta tausaya, ta zaunar da ni jikin shofaj, wato ƙarfen da ke ɗumama ɗaki. Mutanenmu suka cika falo, har da 'yan Yelu da Karakara. Liman ya ɗaga hannu, na rufe ido, ɗumi na ratsa bayana. Sai na ji amin ɗin jama'a tana rawa. Na buɗe ido: tururi ke tashi daga kafaɗuna, da sauran ƙamshin yaji. Na kusa da ni ya yi atishawa, liman ma ya yi.

Wani direba ɗan Yelu ya ce, "Malam, a sauke ka haka ko sai ka ƙara nuna?"

Aka raɗa wa yarinya suna Balkisa. Kafin a raba goro riga ta bushe ƙamas. Aka miƙo mini amaryata, ta dube ni, ita ma ta yi atishawa.

Komowa

Na iso Gaya bayan la'asar, zafi ya rungume ni tun daga ƙofar kar. Duk hanya ina shirya yadda zan ba da labari in tsallake shofaj. Ban ko sauke jaka ba, mai shayin tasha ya ɗaga waya sama yana dariya. Bidiyon ya riga ni isowa.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Hamidu da Hadiza. Wanda ya ɗauki bidiyon kuwa, ina nan ina bincike.