Ni Na Saka Tiyon Roba, Anti Jamilatu

Wanda ya ba mu aron Dakta Jamilatu Maje ya karɓi abinsa ranar Laraba, 16 ga Oktoba, 2024. Daga wurinsa muka fito, can kuma za mu tarar da ita.

Da ƙarfe takwas da minti goma sha biyu na safe, a wata mararraba tsakanin tashar Barking da wurin aikinmu, wata babbar mota ta karya kwana hagu, ke kuma, Anti, kina gefenta a kan kekenki. Direban ya ce bai gan ki ba. Tayar baya ta naɗe keken, ta ja ki mita goma sha ɗaya a kan kwalta kafin ihun mutane ya tsayar da motar. An kai ki asibiti ƙirjinki a ragargaje, kika cika ƙarfe tara da kwata. Shekarunki hamsin da ɗaya. Daga bakin 'yar sandan da ta zo wurin mijinki na ji waɗannan lambobi, na rubuta su nan take don kada in ƙara ko in rage. Na ga hular kwanonki a cikin leda. Ta rabe biyu, ɗankwalinki ruwan toka yana maƙale a ciki.

Sunana Karimatu. A bana na gama digiri na biyu a wata jami'a da ke unguwar Bloomsbury, a watan Mayu kuma aka ɗauke ni aiki a ƙarƙashinki. Wata biyar kacal na yi da ke, Anti. Akwai waɗanda suka fi ni sanin ki da shekara ashirin, kuma su suka fi cancantar wannan rubutu. Amma akwai maganar da ni kaɗai zan iya faɗi.

Aikinmu ba shi da daɗin faɗi a wurin biki. Kafin a saki sinadarin masana'antu a kasuwa, ana so a san abin da zai yi wa kifin kogi idan ya zuba. Sai a kawo shi ɗakin gwaji irin namu. Mu zuba ƙananan kifaye bakwai-bakwai a tankunan gilashi shida, kowane kifi bai fi ɗan yatsa ba. Tanki biyar a saka musu sinadarin daga kaɗan zuwa mai yawa, ɗaya a bar shi da ruwa zalla. Daga nan sai kallo, awa casa'in da shida, kwana huɗu cur, muna rubuta wanda ya mutu da lokacin da ya mutu. Waɗanda suka tsira ma kashe su ake yi a ƙarshe. Babu kifin da ke fita daga ɗakin nan da rai.

A makona na farko kika sa na kashe kifi. Ƙa'ida ta ce wanda ya kife, babu alamar zai tashi, kada a bar shi yana shan azaba: a saka shi a maganin barci mai ƙarfi, sannan a huda kansa. Na yi gaggawar ciro shi kafin maganin ya kama shi, hannuna yana rawa, na soke shi a ido. Ya yi ta bugun tire da jela. Kika ture ni da kafaɗa, kika ce bismillah, kika gama shi da suka ɗaya.

"Idan za ki kashe, ki kashe," kika ce. "Rawar hannun nan ba tausayi ba ce. Ke kike ji wa, ba shi ba."

Na je banɗaki na yi amai. Da na fito na tarar da ke a bakin ƙofa riƙe da kofin kunun gyaɗa daga filas ɗinki.

"Sha, 'yar Bloomsbury. Kin yi booking ɗin kuka ne? Yau babu slot, muna da tanki shida."

Haka kike. Matan garinmu da ke nan suna yi miki dariya, wai Hajiya guda a kan keke, kina ce musu ku ci gaba da jiran jirgin ƙasan District line. Da mai gidan da nake haya ya kore ni da sanarwar mako biyu, ke kika kai ni wurin Hajiya Ajara, wata dattijuwar zango 'yar Kumasi, kika ce mata, "Ga 'ya na kawo miki, ba ta da surutu, tsoro ne kawai ya yi mata yawa." Kika kira mahaifiyata a Kano da wayarki kika ce ta kwantar da hankalinta, 'yarta tana hannunki. Ba ki taɓa tuna mini ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

A watan Satumba aka kawo samfuri mai lamba ashirin da bakwai. Wani mai ne mai kauri, ruwan zuma, da ake haɗawa a man injina. Irinsa ne mafi wuyar gwadawa, domin ba ya son ruwa. Sai an juya shi a hankali kwana biyu a cikin babban tulun gilashi, a bar shi ya natsu, sannan a riƙa jan ruwan tsakiya, inda ɗan abin da ya narke yake, yana gangarawa cikin tankunan. Duk hanyar da ruwan zai bi dole ta zama gilashi ko ƙarfe, saboda irin wannan sinadari da ya ga roba sai ya bar ruwan ya manne mata. Na san wannan. Shafi guda na rubuta a kansa a kundin digirina.

Ranar Litinin 23 ga Satumba, ina wanke bututun gilashin da zai ɗauki ruwan, ya suɓuce ya fashe. Shi ne abu na uku da na fasa a watan. Na ji tsoron fuskarki. Na buɗe kabad na ɗauko tiyon roba mai laushi, mita biyu, na haɗa shi ta bayan tankunan inda ido ba ya kaiwa. Na ce wa kaina zan canza shi gobe. Ban canza ba, ban kuma rubuta a takardar aiki ba.

Kwana huɗu babu kifin da ya ko karkace. Manajanmu ya ji daɗi, ya tsara rahoto cewa iyakar abin da zai iya narkewa a ruwa ba ya cutar da kifi. Saura sa hannunki.

Sai Rwang, abokin aikinmu mutumin Jos mai auna sinadari a ruwa, ya kawo lambobinsa. A cikin tulu akwai miligiram 0.4 a kowace lita. A cikin tanki mafi ƙarfi bai kai 0.01 ba. Manaja ya ce haka irin waɗannan mayuka suke, sukan ɓace. Kika ce abu ba ya ɓacewa, wani wuri yake zuwa.

Da ya fita kika durƙusa kika rarrafa bayan tankunan. Ina tsaye ina jin numfashinki. Kika fisgo tiyon da ƙarfi har ruwa ya watsu, kika ɗora shi a tebur, kika tsaga shi da reza daga kai zuwa gindi. Cikinsa ya kumbura, yana santsi, yana warin mai. Kika maka shi a tebur. Wata kwalba ta faɗi ta tarwatse, gilashi ya yanke ki a tafin hannu, jini ya ɗiga a kan takardar aikin da na cika da kyakkyawan rubutuna.

"Wa ya saka wannan?"

"Madam, hannunki," in ji Rwang.

"Bar hannun! Na ce wa ya saka?"

Na ce, "Ni ce, Anti."

"Rai arba'in da biyu kika sa muka kashe a banza. A banza, Karima! Da takardar nan ta fita da sunana, ganga nawa za a jibge a bakin kogi ana cewa ba komai?"

Ban taɓa ganin idonki haka ba. Kina naɗe hannun da bandeji kika ba mu labarin rafin ƙauyenku, ranar da kina 'yar shekara tara kika fita wanki kika ga ruwan ya yi fari fat da cikin matattun kifi, mutane suna kwasa a kwando suna murna, washegari yara suna ta amai da gudawa. Kika ce tun ranar ba ki yarda da ruwan da ya yi shiru ba.

Akwai fom da ake cikawa idan an kauce wa ƙa'ida, da gurbin sunan wanda ya kauce. Kika ce dole in cika shi, amma ba ranar ba. "Bari mu sake gwajin, mu shiga ofis da ɓarnar da gyaranta tare. Zan zauna a gefenki." Kika gaya wa manaja an sami matsalar tiyo, fom zai biyo baya. Ba ki ambaci sunan kowa ba.

Muka sake ranar Litinin 14 ga Oktoba, ƙarfe tara da rabi, komai gilashi. Kafin awa uku kifayen tanki mafi ƙarfi sun haukace. Suna harba kansu a bango har muna jin ƙarar, suna juyi kamar an ɗaura su a zare, bakinsu a buɗe, wurin shaƙar numfashinsu ya yi jajir. Ɗaya ya yi tsalle ya bugi murfi ya faɗo a kife. Muka yi ta ciro su ɗaya bayan ɗaya muna gamawa da su. Wannan karon hannuna bai yi rawa ba, kuma kin gani.

Ranar Laraba ba ki saba zuwa da safe ba. Saboda duba kifayen da ake yi a cikar awa arba'in da takwas kika hau keke. Tara da rabi ta yi ina tsaye da takarda ina duba ƙofa. Na duba su na rubuta ni kaɗai, har ina jin haushin kin makara. Ashe a lokacin kin yi minti goma sha biyar da rasuwa.

Ni da Rwang muka ƙarasa ranar Juma'a. Cikin kifi talatin da biyar da aka saka wa sinadarin, goma sha tara sun mutu. Bakwai ɗin ruwa zalla suna nan lafiya. Kimanin miligiram 0.1 a lita ya isa ya kashe rabin kifayen. Wato cokalin shayi ɗaya a cikin lita dubu hamsin. Wannan shi ne abin da na kusa sa aka ce ba ya cutarwa.

Hukuma ta riƙe gawarki kwana shida saboda bincike. Aka yi miki sallah ranar Talata. Washegari manaja ya kira ni ofis ya rufe ƙofa. Ba mugun mutum ba ne, ya yi kuka a wurin jana'iza. Ya turo mini fom ɗin da ɗan yatsa. Ya ce shi bai tambayi wa ya yi ba, kuma ba zai tambaya ba. Ya ce ke ce shugabar gwajin, komai a wuyanki yake, in rubuta sunanki. Ya ce yanzu babu abin da zai same ki. Ya tuna mini cewa watanni shidan da ake gwada ni a aiki sai Nuwamba za su cika, cewa fasa gilashi ba laifi ba ne amma ɓoyewa laifin kora ne, kuma bizata a jikin aikin nan take rataye. Idan aka sallame ni, kwana sittin nake da su in sami wani wuri ko in bar ƙasar.

Na sami Rwang a wurin injinsa. Bai ɗago ba ya ce, "Karima, ni ba zan kai ƙarar kowa ba. Amma don Allah kada a zo a ce in rantse."

Kwana biyu fom ɗin yana jakata. Da shi na je gidanku gaisuwa. Na durƙusa gaban mijinki, Malam Maharazu, na gaya masa saboda gyaran ɓarnata kika bi hanyar nan a wannan safiya. Ya dube ni ya ce:

"Karimatu, kada in ƙara jin wannan a bakinki. Kwananta ne ya ƙare. Ko a kan gadonta take sai ta tafi. Wannan ba a hannunki yake ba. Ki duba wanda yake hannunki."

Bai san da fom ɗin ba. Ina sa takalmi zan fita, ƙaramar 'yarki Zarah ta biyo ni bakin ƙofa. Na yi mata gaisuwa da Hausa, ta amsa da Turanci kamar yadda yaran nan suka saba, ta ce mini ita ba ta taɓa sanin me mamanta take yi a wurin aiki ba, ta dai san tana dawowa tana warin kifi. Ta ce ko kina da kyau a aikin. Na ce mata shekara ashirin da uku kika yi kina sa hannu a rahoto, ba a taɓa dawo da ko ɗaya ba.

Ranar Juma'a 25 ga wata na cika fom ɗin. Ga abin da na rubuta, na mayar da shi Hausa saboda mutanenmu: Ni, Karimatu, na fasa bututun gilashi ranar 23 ga Satumba, na maye gurbinsa da tiyon roba mita biyu, ban rubuta ba, ban gaya wa kowa ba. Dakta Jamilatu Maje ba ta sani ba. Ita ce ta gano shi, ita ce ta sa aka sake gwajin. Na sa hannu, na miƙa kwafi biyu, ɗaya ga manaja ɗaya ga mai binciken ingancin aiki, don kada in sami hanyar janyewa.

An kira ni zama ranar Litinin, ƙarfe goma. Ban san abin da za a yanke ba, kuma ina jin tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ban iya gaya wa mahaifiyata a waya ba. A wannan rubutu za ta karanta. Mama, ki yi haƙuri. Wataƙila ki gan ni kafin ƙarshen shekara.

Anti, ban samu na nemi yafiyarki da baki ba. Na bari ne sai mun fito daga ofishin manaja tare tukuna. Ina roƙon ki yanzu a gaban kowa.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka Jamilatu. Ka sa zafin da ta sha a kan kwalta ya zama kankarar zunubanta. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka tabbatar da harshenta a wurin tambaya. Rayukan da ta kashe da sunanka don ta kare waɗanda suka fi su yawa, ka sa su zama shaida a gare ta ba a kanta ba. Shi ma direban, ka ba shi ikon faɗin gaskiya, ka sauƙaƙa masa abin da zai riƙa gani idan ya rufe ido.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Maharazu, da ɗanta Affan, da Zarah, da mahaifiyarta da 'yan'uwanta a gida, da Hajiya Ajara da ta yi mata wanka. Allah ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, ya raya abin da ta bari. Sunanta ya fita daga wurin aikinmu babu tabo. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya haɗa mu da ita a Aljanna. Amin.