Shekara Tara Sun Isa

A bakin kasuwar Garwa Mas'udu ke sayar da tsofaffin littattafan hotuna na Faransanci, masu labarin jiragen taurari. Ɗaliban lise, wato sakandare, sun mai da rumfarsa majalisa. Yau gardamarsu a kan wani matuƙi ce, wanda ya shekara ɗaya a sama, ya sauko ya tarar shekara ɗari sun wuce a duniya. Shin har yanzu shi ne mutumin da ya tafi?

Shi kuwa Mas'udu idonsa na kan wani baƙo da ke tsaye a gefe. Tsohuwar kwat ɗinsa ta yi masa yawa, haƙoransa na gaba babu. Yana juya shafin littafin matuƙin da yatsun da suka ɗore a karkace, leɓɓansa na bin Faransancin ba tuntuɓe. Duk motar da ta tsaya sai ya zabura. Mas'udu na zaton malamin makaranta ne da ya yi suɓul da baka a kan gwamnati, aka zo aka ɗauke shi.

"Samari," in ji baƙon, murya ƙasa-ƙasa, "mai littafin nan bai taɓa tafiya ba. Me za a yi da shekara ɗari? Tara sun isa. Na yi sallama a ƙofar gidana, ɗiyata ta leƙo ta ce, 'Malam, wa kake nema?'"

Ɗaliban na waige-waige, suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya tambayi sunansa. Mas'udu ma jira yake mutumin ya ajiye littafin ya bar masa rumfa.